Doyar da Ba a Juya Ba

Bana ne karo na farko cikin shekara ashirin da wani abu da na yi hutun ƙarshen shekara a gida. Ni dillalin motoci ne, kuma duk wanda ya san Abuja ya san yadda take komawa kamar kango da zarar Disamba ta raba tsakiya. Ma'aikatan gwamnati sun tafi garuruwansu, manyan Maitama sun hau jirgi, babu mai ko taya mota. Sai in rufe filin motocina, in sallami ma'aikata, in ɗauki jaka. Wata shekara Kwatano, wata Legas, wata Dubai. Hutu nake ce masa, ko da yake ban taɓa dawowa ban ƙulla wani ciniki ba. Bana jakar tana nan a saman durowa. Ina zaune a gidana na Kubwa ina jinyar matata Hajara, kuma wannan zaman ne ya tono mini wata tatsuniya da na yi shekara arba'in ban waiwaye ta ba.

A ƙauyen Yangoji na tashi, a hannun kakata, mahaifiyar babana. 'Yar Gbagyi ce, gajeruwa, kafaɗarta ta yi kanta saboda kaya, don matansu a kafaɗa suke ɗauka, ba a ka ba. Hausarta ta kasuwa ce, ba ruwanta da namiji ko mace. A bakinta akuya “shi” ne, sarki kuma wata rana “ita”. Idan muka yi mata gyara sai ta ce, “Kun gane ko ba ku gane ba?” Mu ce mun gane. Ta ce, “To, ku rufe mini baki.”

Lokacin tatsuniyarta bayan tonon doya ne, sa'ad da aikin gona ya ƙare, maza suka watse cin rani. Da an idar da Magariba sai ta hura wuta a ƙofar bukkar doya, don ba ta yarda da awaki ba, ba ta kuma yarda da ɓeraye ba. Ta binne doya biyu a garwashi, ta ajiye ƙwaryar manja da barkono kusa da ƙafarta. Mu kuwa mu biyar ko shida, 'ya'yan Musulmi da na Kirista da na waɗanda ba su shiga ko'ina ba, mu kewaye ta. Hajara na cikinmu, 'yar maƙwabcinmu ce, siririya, ba ta da yawan magana.

Amma tatsuniyar Kaka ba kyauta ba ce. Kafin rana ta faɗi sai mun shiga bukka mun juya kowace doya, mun karya duk tsiron da ya leƙo. Takan ce, “Doya ba dutse ba ne, yana da rai. Ka bar shi kwance gefe ɗaya, ƙasa ya ci shi. Ka bar masa tsiro, tsiro ya shanye shi.” Ni na tsani wannan aiki. Sai na ƙirƙiro dabara: in juya layin gaba wanda ido ke gani, in fito ina karkaɗe hannu. Ta sani sarai. Ba ta taɓa duka na a kai ba, sai dai ta harare ni ta ce, “Mijina, ka gama da wuri yau ma.” Haka take kirana, kamar yadda kakanni ke yi wa jikokinsu wasa. Washegari da safe in gan ta a durƙushe a ƙuryar bukka tana ƙarasa abin da na bari.

Ran da ta ba mu wannan tatsuniya, na tuna doya ɗaya ta ƙone don ba ta kula da wutar ba. Ta gyara zama ta ce, “Ga wata nan tafe, ku matsa mata.” Muka ce, “Ta zo ta zauna.”

Wai an yi wani manomi, Tanko, wanda duk ƙasarsu babu mai noma kamarsa. Da damina ba ya ɗaga kai. Amma da ya gama tono ya cika bukka, sai ya wanke rigarsa, ya ɗauki sanda, ya ce ya sha wuya, zai je ya ga duniya. A cikin doyarsa akwai wata babba, uwar iri, wadda tsatsonta daga gonar ubansa ya fito, kuma tana magana. Duk sa'ad da ya sunkuya zai ɗaura takalmi sai ta yi masa waƙa. Kaka tana rera ta da wata 'yar siririyar murya, tana kaɗa wuƙar kankare doya:

Maigida, juya ni,
ƙasa ya ci gefena.
Maigida, karya mini tsiro,
yana shan ruwan jikina.

Shi kuwa Tanko sai ya ce, “In na dawo.”

Shekarun farko in ya dawo lafiya lau yake samun irinsa, domin tsohuwar uwarsa tana rarrafawa ta shiga ta juya, ba ta gaya masa. Sai ya ɗauka doya ba ta bukatar juyi, surutu ne kawai irin nata. Ana nan tsohuwa ta rasu. Rani ya zo, Tanko ya wanke riga. Doya ta yi waƙa, ya ce in ya dawo. Ya je inda manyan koguna biyu suke haɗuwa, ya ga jirgin ruwa, ya sayo jar hula da madubi. Tsakiyar rani ya biyo gida ya kwana ɗaya. Ya leƙa daga bakin ƙofa, ya ga tsiron doyar ya miƙe kore shar har ya kama jinka. Ya ce, “Kai, madalla! Dubi yadda take jin daɗi.” Ya sake ficewa.

Da ruwan farko ya sauka ya dawo zai yanka iri. Ya tuna nauyinta, ya ɗaure ɗamara, ya kafa ƙafa, ya yunƙura da dukkan ƙarfinsa. Sai ga shi wanwar a ƙasa, ya faɗi da baya. Doyar ba ta fi busasshen duma nauyi ba. Gefe ɗaya ya ruɓe, sauran kuwa tsiro ya zuƙe. Tanko ya ɗora hannu a ka ya ce, “Don me ba ki gaya mini ba?”

A nan Kaka ta rage murya. “Doya ya ce, na gaya maka. Kana ɗaura takalmi.”

Daga nan doyar ba ta sake magana ba. Kaka ta zaro tamu daga toka ta fara kankarewa, ta ce, “Ta tashi ta tafi. Wanda ya ji ya riƙe, wanda bai ji ba ya tambayi kunnensa.”

Muna ta jiran sauran. Babu saura. Ni dai abin bai yi mini daɗi ba, na ce, “Kaka, ai sai ya je kasuwa ya sayo wata.”

Ta kwashe da dariya har da tari. “Ku ji mini mijina! To, je ka kasuwar Kwali ka ce a sayar maka da doyan ubanka.”

Hajara kuwa tana ta tsokanar toka da tsinke. Can ta ce, ba ta dubi kowa ba, “Da ni ce, da na daina yi masa waƙar.” Kaka ta daɗe tana kallonta, sannan ta miƙa mata yanki mafi girma.

Sai da na girma na san cewa Tanko sunan kakanmu ne, mijinta. Ya tafi cin rani Lokoja shekarar da aka yaye babana, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Na baro Yangoji ba ni da komai sai wayo da haƙuri. Na yi wankin mota, na yi kamasho, har Allah ya ba ni filina. Na koma na auro Hajara, muka haifi 'ya ɗaya, Fa'iza, wadda yanzu take aiki a wata ma'aikatar tarayya. Ban taɓa barin gidana da yunwa ba, wannan ko maƙiyina zai shaida. Kuma a wajen aiki ni mutum ne mai kula. Dokata ce kowace safiya a tayar da kowace mota a filin, a ɗan matsar da ita, don motar da aka bari tsaye batirinta mutuwa yake, tayarta ta zauna. Na taɓa korar mutum a kan wannan.

Duk Disamba in na sauko da jaka, Hajara takan tsaya a ƙofar ɗaki ta ce, “Baban Fa'iza, bana ma? Ko sati ɗaya ka yi mana.” In ce, “In na dawo za mu zauna.” In na dawo kuwa kasuwa ta buɗe. Na kawo mata atamfofi, na kawo turare, na kawo sarƙa. Da aka yi shekaru sai ta bar tambaya. Ita ce ma ke goge mini kaya ta jera a jaka. Na ce a raina, alhamdulillahi, ta fahimci yanayin sana'ata. Ko sau ɗaya ban tuna da yarinyar nan mai tsokanar toka ba.

Bara na dawo daga Dubai ranar wata Talata da hantsi. Na yi sallama ba a amsa ba. Na same ta a ƙasa a ɗakin girki, ta jingina da bango, ta kasa tashi. Na jefar da jaka na sunkuya zan ɗauke ta. Na san nauyin matata, ko in ce ina zaton na sani, don haka na yunƙura da ƙarfi. Saura kaɗan mu faɗi tare. Babu komai a cikin zannuwan nan. Ashe biyu take ɗaurawa, ta ɗora babban mayafi, ni kuwa daga bakin ƙofa nake leƙawa in ga tana tsaye tana murmushi.

A barandar asibiti Fa'iza ta gaya mini. “Baba, wata bakwai ke nan ina kai ta ganin likita. Ciwon daji ne.”

Na ce, “Wata bakwai? Ina cikin garin nan? Me ya hana a gaya mini?”

Ta dube ni, idonta a bushe. “Ta ce maganar ta zama ce, ba ta tsaye ba. Ta ce ran da ka zauna za ta faɗa maka da kanta. Muna ta jira, Baba.”

Na nemi benci na zauna.

An yi aiki, an yi magani, na kashe abin da ba zan tsaya lissafawa ba. Yanzu likita ya ce mu koma gida mu kula da ita, bai kuma yi mana alkawarin damina ba. Muka ɗauki nas tana zuwa gida. Da Disamba ta zo abokin tafiyata Alhaji Sabo ya bugo waya. “Oga, ka fito ka sha iska ko kwana biyar ne, ka rame. Ga nas, ga Fa'iza, me za ka ƙara musu?” Gaskiya ya faɗa, ba abin da zan ƙara. Na ce masa Allah ya kiyaye hanya.

Zaman gida aiki ne da ban iya ba. Ban san inda ake ajiye cokula ba. Ban san cewa da la'asar rana tana shigowa ta tagar ɗakinmu ta sauka daidai kan gado ba, sai an ja labule. Gida ne na gina da hannuna, amma sai ina tambayar Fa'iza kamar baƙo. Ranar farko da Hajara ta farka ta gan ni zaune da rana tsaka, ta ce, “Alhaji, lafiya? Ko jirgin ne ya tashi ya bar ka?” Nas ta koya mini abu ɗaya, ta ce kada in yi wasa da shi: duk bayan awa biyu a juya ta, in ba haka ba gefen da take kwance zai yi gyambo. Hannu ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙugu, a hankali, a sa matashi a baya. Na karɓi wannan aikin, na hana kowa.

Shekaranjiya na sa aka kawo mini doya daga Yangoji. Na hura gawayi a tsakar gida na gasa, na kai mata da manja. Ba ta iya ci ba, ta ce in bar ta kusa ta ji ƙamshin. Ta lumshe ido ta ce, “Ba ni ta Tanko.”

Na fara. Waƙar ce ta so ta gagare ni, amma na kai ƙarshe. Da na zo inda ya faɗi da baya sai na ce wai ya duba da kyau, ya ga wani ɗan gefe da sauran rai, ya yanka ya shuka, ya tsiro.

Ta buɗe ido. “Baban Fa'iza, ni ba mai sayen mota ba ce. Kada ka yi wa tatsuniyar Kaka fenti.”

Sannan na koma na faɗe ta yadda take, har zuwa ɗaurin takalmi. Ta gyaɗa kai.

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar malalaci ce, shi ya sa ban taɓa ganin kaina a ciki ba. Amma Tanko ba malalaci ba ne, ya fi kowa noma. Kuskurensa ya ɗauka aikinsa ya ƙare ran da bukka ta cika, kuma da yake kullum akwai mai shiga ƙurya ta ƙarasa masa, bai san ana yi ba. Ni Kaka ta yi mini a Yangoji, Hajara ta yi mini shekara talatin, Fa'iza ta yi mini wata bakwai. Ban ce zaman bana zai dawo da komai ba. Na san kaya in sun wuce gyara, sana'ata ce. Abin da ya rage mini kawai shi ne in kasance a wurin in an kira.

Doyar ta huce a faranti. Rana ta fara sauka kan gado, na tashi na ja labule. Hajara ta ce, “Alhaji, gefen nan ya gaji.”

Na sa hannu ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙugu, na juya ta.