Ɗakunan Akokan da Gonar da Muka Bayar

A lokacin ni matar ma'aikacin rami ce a Akokan, kusa da Arlit, ƴar wani ƙauye a Maradi, karatuna bai yi nisa ba. Maigidana yana shiga ƙarƙashin ƙasa haƙar uraniyom, ni ina da ɗan butik, wato shago, a ƙofar gida, muna da kabu-kabu da wani ke ja mana. A ƙauye kuma akwai gonarmu da shanu.

Wan maigidana, da nake kira Yaya, a biro yake aiki, wato ofishin kamfanin ramin. Ranar wata Juma'a ya zo cin tuwo, ya yi ta zolayar ƙanensa, wai yana cin albashin birni amma ransa na kan gero kamar tsuntsu. Ya ce mai hankali ba ya tara dukiyarsa wuri ɗaya, mu ƙara da gidan haya. Yana da ɗakuna a Akokan, zai bar mana, mu ba shi gonar da shanun. Tsakanin ƴan'uwa ai ba sai an yi ciniki ba. Maigidana ya dube ni, na ce Yaya ya fi mu sanin gari. Muka yi musayar.

Ba a shekara ba aka sanar za a rufe ramin. Matar Yaya ce bakinta ya suɓuce daga baya, ta ce mini a biro an daɗe da jin ƙishin-ƙishin, tun kafin ya zo cin tuwon nan.

Da aka rufe, ƴan haya suka kwashe kayansu, don duk ma'aikata ne. Matansu ne masu saye a butik. Kabu-kabu ya koma yini a inuwa. Sai na gane albashi, haya, butik da babur duk rami ɗaya ke ciyar da su. Gonar kaɗai ce ba ruwanta da kamfani.

Maigidana bai taɓa ce wa wansa uffan ba, har ciwo ya kwantar da shi, Allah ya yi masa rasuwa. Yaya ya zo ta'aziyya da buhun gero, ya ce a yi haƙuri, arziki na Allah ne. Na san gonar da geron ya fito. Na dafa, don yara na jin yunwa.

Ƴan'uwana da ke Arlit har yau, kada yawan sana'o'i ya ruɗe ku. Ku tambayi kanku, idan babbar ta tsaya, wacce za ta ci gaba da tafiya? Mai ba ku shawara kuma, ku duba abin da zai karɓa a hannunku, ko da ciki ɗaya kuka fito.