Daminar da Yaya Ya Nufi Sifaniya

Yayana ya bar gida ana gab da shuka. Ya ce mana Agadas za shi neman aiki, sai daga baya wani abokinsa ya faɗa mini gaskiya: Libiya ya nufa, daga can ya tsallaka teku, ya nemi hanyar Sifaniya. Baba ya riga ya rasu, saboda haka gidan ya rage daga ni sai Inna.

Gonarmu tana bayan gari, ta hanyar Tsanyawa. A da mu biyu muke nomanta, yana gaba ina biye, muna musun ƙwallo. A wannan daminar kuwa ni kaɗai nake shiga. Maƙwabta suna kusa, ina jin hirarsu da dariyarsu ta cikin gero, amma kowa da 'yan'uwansa. Sai na koma rataya rediyo a reshen gawo don in ji muryar mutum.

A nan na ci karo da wani shirin tarihi da ake yi da hantsi. Mai shirin yana ba da labarin mutanen Sifaniya na zamanin da, waɗanda suka shiga jiragen katako suka nufi yamma ba tare da sanin ko akwai ƙasa a gabansu ba. Wasu ƙishirwa ta kashe su, wasu teku ta cinye. Waɗanda suka isa sun tarar da mutane da biranensu da sarakunansu, suka ƙwace zinariyarsu, suka rusa su. Wani shugabansu ma nutsar da jiragen ya yi don kada wani ya yi tunanin komawa gida. Na jingine fartanya na saurara har aka gama.

Da na dawo na tarar da Inna tana tsince wake a faifai, na kwashe labarin na ba ta. Ba ta ɗago ba.

"Ƙasar da wancan ya tafi ke nan?" ta ce. Yaya ɗanta na fari ne, ba ta kama sunansa.

"Ita ce, Inna."

"To su waɗannan, iyayensu mata sun sake ganinsu?"

"Mai shirin bai faɗa ba."

Ta ce, "Ai ba za su faɗa ba." Ta tashi ta hura wuta. Tun daga ranar na daina kawo mata labarin, ita ma ba ta ƙara tambaya ba.

Sai da gero ya fitar da kai sannan muka ji daga gare shi. Ranar na je cin kasuwa wani gari, ina tsaye a tasha, wata baƙuwar lamba ta shigo wayata. Muryarsa ta dushe. Ya ce ya tsallaka, wasu da suke tare ba su tsallaka ba, kuma ya sami aiki a gonar tumatir. Na roƙe shi ya sake kira da la'asar, na hau mota na koma gida.

Da ya kira na miƙa wa Inna. Ta riƙe wayar da hannu biyu.

"Kana samun yin salla a kan lokaci?" ta ce.

Ban ji amsarsa ba. Ta ce, "Allah ya tsare," ta miƙo mini, ta shige ɗaki.

Har yau bai zo ba, takardunsa ba su fito ba. Inna ta rasu bara da azumi. Ni na kira shi na faɗa masa, yana tsakiyar aiki, ya ce in ba shi lokaci ya sami inda zai ɗan zauna tukuna.