Kaset Mai Hayaniya

A daminar shekarar da yaran Najeriya suka je ƙasar Sin suka ciyo kofin ƙwallo na duniya, ina da shekara goma sha ɗaya. Ina tuna ranar da labarin ya iso unguwarmu ta Abatuwa a Jos. Ruwa ya ɗauke ke nan, ƙasa na ta tururi, mahauta suka fito daga kwata da wuƙaƙensu a ƙugu, suka yi cincirindo a ƙofar shagon Oga Emeka, domin rediyonsa ne kaɗai ba ya tari in an zo wurin da ake son ji. Mu yara muka bar ƙwallon tsummanmu a cikin taɓo, muka kutsa tsakanin ƙafafun manya. A cikin makon nan na murna ne na aikata laifin da na yi kusan shekara arba'in ina ɗauke da shi.

Oga Emeka mai gyaran rediyo ne, mutumin kudu maso gabas, yana haya a shagon da ke jikin zauren gidanmu. Babana kuwa mahauci ne da safe, malami da yamma. In ya dawo daga kwata ya yi wanka, sai ya shimfiɗa buzu a zaure ya fere alƙalamin kara, ya yi ta rubuta waƙoƙin wa'azi da ajami. A gabansa na koyi riƙe alƙalami, bayan na ja ruwa a rijiya na wanke masa farantan nama. Tsakanin mutanen nan biyu akwai wata zumunta da ba ta bukatar dogon zance. Kowace la'asar Baba yakan aika wa Oga Emeka da balangu a takarda, shi kuma ya leƙo ya ce, "Malam, Allah ya ƙara saniya." Ni kuwa Ƙaramin Malam yake kirana.

Abin da ya fi ƙauna a duniya, bayan matarsa Ngozi, wasu kaset-kaset ne da wani Bature malamin jami'a a Naraguta ya bar masa da zai koma gida. Kiɗan wasu makaɗan jita ne na ƙasar Amurka, masu dogon gashi. Ya taɓa yi mana bayani cewa su ba sa maimaita kiɗa: waƙar da suka yi yau a wannan gari, gobe a wani garin sai ta fito da wata kama, su ja ta har rabin sa'a, wannan ya jefa wancan ya cafe. Masoyansu sukan shiga filin wasan da rakoda su ɗauka, su yi ta musaya a tsakaninsu, ba a sayarwa. Saboda haka kowane kaset da ranarsa da garinsa. A cikinsu akwai guda da yake sawa kowace Lahadi in sun dawo daga coci, ya ce jitar cikinsa tana kai shi ƙauyensu. Baba ba ya sauraron kiɗa, amma bai taɓa hana shi ba. In an kira salla, da kansa Oga Emeka yake kashewa.

A wancan zamanin, wanda yake da ɗan'uwa a nesa yakan yi masa wasiƙa da murya a kaset. Baba yana da ƙane da ya daɗe a Sudan, kuma an sami matafiyi mai zuwa can. Ya ce in je wurin Oga Emeka ya ba ni kaset wanda babu komai a ciki. Na tarar ya tafi kasuwa sayen kayan gyara, shagon a buɗe kamar kullum. Maimakon in jira, sai na ga ai ni ma na san kan abin. Na zaro wani kaset daga kan kanta, na saka a rakoda na danna. Ba abin da na ji sai ihun mutane da fito da tafi, da wani ƙiii-ƙiii kamar ana ɗaure waya. Na saurara na ɗan lokaci, hayaniyar ba ta ƙare ba. Na ce a raina wannan lalatacce ne, in an goge shi ma an taimaki mai shi. Ni kiɗan kawai na sani ta bayan katanga. Ban san cewa haka kaset ɗin filin wasa yake farawa ba, da hayaniyar jama'a kafin makaɗa su gama daidaita kayansu.

An karya 'yan kunnuwan kaset ɗin don kada a yi ɗauka a kansa. Wannan ma bai ankarar da ni ba, don duk yaron Jos ya san maganin haka. Na yagi takardar da nake gwajin rubutu, na dunƙule na cusa a ramukan. Baba ya zauna a kan buzunsa, ya gyara murya, ya gai da ƙanensa, ya lissafa masa waɗanda aka haifa da waɗanda suka rasu, sannan ya rera masa sabuwar waƙarsa tun daga farko har ƙarshe, gaba da bayan kaset.

Ranar Lahadi na ji unguwa shiru. Na leƙa na ga Oga Emeka ya zazzage kwalaye a ƙasa, yana ɗaga wannan yana ajiye wancan, gumi na zuba duk da sanyin garin. Nan take na gane kaset ɗinsa na Lahadi na goge. Matafiyin bai tashi ba tukuna, kaset ɗin yana cikin ƙunshin saƙo a zaure. Da wayon yaro, wanda ba wayo ba ne, na zare shi na mayar kan kantar shagon, ina ganin in ya ga kayansa magana ta ƙare. Takardar cikin kwanson kaset ɗin kuwa, mai ɗauke da rubutun Baturen, na cire ta tun ranar farko, sai na tura ta cikin gafakata tsakanin takardun ajami.

Washegari na ji muryar Baba ta fito daga shagon, ta yi kamar ƙiftawar ido, aka kashe. Na jira a kira ni, na jira bulala, ba abin da ya zo. Oga Emeka bai ce wa kowa komai ba. Sai dai ya yi makonni ba ya leƙowa zaure, in an kai balangu Ngozi ce take karɓa. Baba ya yi ta tambayar ko ya yi wa maƙwabcinsa wani laifi ne, ni kuwa ina gefe ina wanke allo, kaina a ƙasa. Da wasiƙar Sudan ta zo ana cewa ba a ga kaset ba, Baba ya ɗora abin a kan wahalar hanya. A hankali gaisuwa ta dawo, amma Lahadin unguwarmu ba ta sake yin wannan kiɗan ba.

Shekaru suka tura. Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Rikicin da ya rarraba unguwannin Jos ya sa Oga Emeka ya kwashe ya koma wani ɓangaren garin, wajen mahaɗar Tina. Na yi aure, na gaji buzun Baba da alƙalumansa. Sau da yawa nakan yi istigfari a kan wannan abu, amma na san haƙƙin mutum ba ya sauka sai mai shi ya yafe, ni kuma kunya ta hana ni zuwa hannu rabbana.

Bara, ina shanya tsofaffin takardu saboda danshi, 'yata Hafsatu, wadda take karatu a jami'a, ta tsinci takardar nan. Na ba ta labari. Ta duba sunan makaɗan da garin da kwanan watan, ta yi 'yan danne-danne a wayarta, ta ce, "Baba, ai ga shi nan. Mutanen nan ba su yar da ko ɗaya ba, duk sun zuba a intanet kyauta." Ta danna. Ihu da fito da tafi suka cika zaurena. Wallahi ita ce hayaniyar nan da na goge.

Ranar Lahadi bayan azahar muka hau keke-napep zuwa gidan Oga Emeka. Na same shi zaune a kan benci, kansa fari fat, Ngozi ta riga mu gidan gaskiya. Ya ƙura mini ido, sannan ya ce, "Ƙaramin Malam! Kai ne ka yi gemu haka?" Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni ba tare da na rage komai ba. Hafsatu ta kunna wayar. Da hayaniyar ta wuce jitar ta shigo, sai ya rufe ido, yatsunsa na bin kiɗan a kan gwiwarsa. Muka saurara har waƙar ta kai ƙarshe, kusan rabin sa'a.

"Oga, ka yafe mini," na ce.

Ya yi dariya har da tari. "Kai wannan yaro. Tun ranar na sani. Na ciro takarda a kunnen kaset, na ga rubutu kamar kaza ya yi tafiya. Malam ba ya rubutu haka. Na yi fushi, amma in na faɗa, Malam zai fasa maka baya."

Ya shiga ɗaki ya daɗe, ya fito da kaset ɗin a cikin leda. Ya ce sau uku yana ƙaura da shi, ya kasa gogewa, ya kasa yarwa, domin muryar maƙwabcinsa ce. Ya saka a wata tsohuwar rakoda da shi kaɗai ya san yadda ake lallashinta. Baba ya gyara murya, ya yi sallama. Hafsatu, wadda ba ta taɓa ganin kakanta ba, ta zauna a ƙasa.

Yanzu yaro yakan goge abu a waya ya dawo da shi kafin ya ajiye numfashi, ba zai gane yadda ramuka biyu da 'yar takarda suke hana mutum sakewa shekara arba'in ba. Nakan yi kewar zamanin da shagon Kirista yake jingine da zauren malami, katanga ɗaya, kowa ya san lokacin da zai rage murya saboda ɗan'uwansa. Mun rabu ranar kamar yadda masoyan makaɗan nan suke yi, ba saye ba sayarwa: na sa Hafsatu ta tura masa kiɗansa a wayarsa, ya ba ni muryar babana. A hanyar komawa Abatuwa na rungume ledar a ƙirjina, na ji nauyin da ya rage mini bai wuce na kaset ɗaya ba. Alhamdu lillahi.