Shekarar da Hassana Ta Gajarce

Har yau ban manta da ranar da shugabar aikinmu, Dokta Binta, ta kira ni ofis ta tambaye ni ko na taɓa ganin yaron da ya gajarce ba.

Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, bari in fara da yadda abin yake. Hanya biyu ake bi in ana son sanin yadda mutum ke girma. Ko a tara mutane masu shekaru daban-daban a gwada su lokaci guda, ko a zaɓi wasu a riƙa bin su shekara da shekaru. Mu ta biyun muke yi. Duk bayan girbi nakan shiga gidajen da aka ba ni a ƙauyukan Kiru, in auna tsawon yaro da nauyinsa, in faɗi kalmomi ya maimaita. Ƙa'ida ita ce yaro ɗaya a kowane gida, kuma shi ɗin za a bi har ya girma.

A wani gida kusa da Ƙafin Maiyaki akwai tagwaye mata, ƙuri'a ta faɗa kan Hassana. A kanta aka kira ni.

Dokta ta ce, "Bara ta fi haka tsawo. Bara tana maimaita kalmomi tsaf, bana ko rabi ba ta kawo ba. Malama Saude, ko dai yarinyar ba ta da lafiya, ko kuma a gindin bishiya kika zauna kika ƙirƙiro sakamakon."

Kaina ya ɗaure. Da hannuna na auna ta. Washegari na sauka a Kwanar Dangora na hau babur, ina ta saƙe-saƙe. Ma'aunin ne ya lalace? To me ya sa sauran yaran suka fito daidai?

Bayan mun gaisa da mahaifiyarsu, na ce, "Maman 'yan biyu, a kira mini Hassana."

Ta ce, "Malama, wacce kika auna bana, ko Hassanar?"

Na ce ban gane ba. Ta kira su duka biyun. Kamarsu ɗaya, sai da suka jera na ga ɗaya ta ɗan fi tsawo.

"Ni na miƙo miki Usaina," in ji ta. "Tun damina in na kira ta ba ta juyowa, sai na taɓa ta. Babansu ya ce miskilanci ne. Na ga kin iya gwada yara, na ce bari ki gwada wadda ke damuna."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Ai kin ce Hassana kaɗai aka rubuta."

Na tambaye ta ko wannan ne karo na farko. Ta ce akwai shekarar da Hassana ke zazzaɓi, Usaina ce ta fito, amma ba ta tuna wace shekara ba. Kakarsu ta leƙo daga ɗaki ta ce sam, a waccan shekarar ai Usaina ce ke zazzaɓin. Suka yi ta musu, ni ina zaune riƙe da ma'auni, ban san girman wa na yi shekaru ina bi ba.

Dokta ta cire gidan daga binciken gaba ɗaya. Amma ita da kanta ta sa aka kai Usaina asibiti a Kano, aka tarar kunnuwanta ne suka samu matsala, aka fara magani. Ban sani ba ko asara muka yi ko riba.

Abin da na koya shi ne, mu da tambayarmu muke shiga gida, mutanen gidan kuma suna da tasu. Yanzu kafin in ciro ma'auni nakan ce wa uwa, "Cikin yaran nan, wa ke damun ki?" Ku ma ku riƙa tambaya, ku jira amsa.