Ranar da Baba ya nuna mana hanya a teku

Ko zan manta da komai na zamana a Landan, ba zan manta da ranar da muka kai Baba tsibiri a jirgin ruwa ba.

Maigidana ya koyi tuƙin ƙananan jiragen nan masu tafiya da iska, har ya samu takarda. Da mahaifina ya zo daga Yawuri ya sauka a flat ɗinmu na Thamesmead, sai maigidan ya yi booking ɗin jirgi a gaɓar kudu don ya burge surukinsa. Shi kuwa Baba a kan kogin Kwara ya tsufa yana tuƙa kwalekwale, kuma ba a yi masa gardama kan ruwa.

Tafiya ta yi daɗi har muka hango tashar tsibirin. Mashigarta siririya ce, ta yi ta lanƙwasa tsakanin wasu ganguna ja da kore da aka jera kan ruwa don nuna hanya mai zurfi, kuma tekun ya fara janyewa. Maigida ya sauke filafilan da iska ke tura jirgin da su, ya tada inji, yana bin gangunan a hankali.

Baba ya ce, "Malam, wannan zagaye-zagayen na mene ne? Ga gari can a gabanka. Miƙe kai tsaye, ruwan nan kwance yake."

Na san mutumin da na aura. Tun da aka ɗaura mana aure bai taɓa haɗa ido da Baba ba, ko abinci ba ya ci a gabansa, balle ya ce masa a'a. Ya ce, "To, Baba," wallahi ina kallo ya karkata sitiyari.

Lambar da ke nuna zurfin ruwa ta fara sauka. Ni ban iya iyo ba, Baba kuma gwiwoyinsa sun daɗe da gajiya. Gumi ya jiƙe wa maigida riga duk da sanyin da ake yi, amma ya ci gaba da bin inda Baba ya nuna. Can sai muka ji ƙasan jirgin ya gurji yashi, igiyar ruwa ta ɗaga mu ta sake bugawa. Na kama salati.

Maigida ya juyo gare ni, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Ko za ki faɗa wa Baba cewa wataƙila..."

Haushi ya kama ni. Na ce, "Wataƙila me? Baba, ka yi haƙuri, nan ba Kwara ba ce. Kai kuma ka ja da baya yanzun nan."

Ya ja baya, injin yana kuka, da ƙyar jirgin ya zame muka koma tsakanin gangunan. Muka bi su har tasha, muka ɗaure jirgi.

Bayan la'asar Baba ya tsaya a bakin tasha yana kallon inda ya nuna mana. Ruwan ya tafi gaba ɗaya, sai tudun yashi, wata Baturiya na yawo da karenta a kai. Ya daɗe yana kallo, sannan ya kira surukinsa.

"Ka san da yashin nan?"

"Na sani, Baba."

"Kuma ka bi maganata? Ashe da ladabi za ka kashe mini 'ya."

Tun ranar na gane cewa kunya tana da wurinta, amma wanda ya riƙe sitiyari da rayukan mutane, dole bakinsa ya iya cewa a'a, ko da surukinsa ne a gabansa.