Sai Ta Yi Waƙarta

A gidanmu na garin Garwa, da an ci tuwon magariba Kaka takan jawo garwashin murhu ta binne gyaɗa a toka, mu jikoki mu kewaye ta. Mahaifiyar babana ce, 'yar ƙabilar Fali daga duwatsun Tingilin, kakanmu mai fataucin goro ya auro ta. Da Hausa take hira, da Fulatanci take faɗa. Yarenta kuwa a wuri ɗaya tak muke jin sa, cikin tatsuniyar yarinya mai iri.

"Ga ta nan, ta sauko daga dutse," in ji ta.

Mu ce, "Ta zauna mu ji ta."

Wai a wata shekarar yunwa mutanen dutse suka tara irin dawarsu a cikin kogo, dutse ya rufe bakinsa. Sarkin kwari ya aiko: ku sauko ku ci tawa, ku noma mini. Wasu suka sauka. Wata yarinya ta ƙi, ta ce dawar wani ba ta san ƙasarsu ba. Da damina ta faɗi, ta tsaya bakin kogon ta rera waƙa, waɗanda suka rage suka amsa, dutsen ya buɗe.

A nan Kaka take rera waƙar da yarenta, baiti uku, kowanne mu amsa. Ba mu san ma'anar ba, ihu kawai muke yi muna tafi.

Ina shekara sha ɗaya na gayyato Hajara, ƙawata ta lekol, wato makarantar boko, 'yar gayu ce mai jin Faransanci. Da Kaka ta ɗauko waƙa, Hajara ta toshe baki tana dariya, ta raɗa mini, "Ashe ku mutanen dutse ne?" Kunya ta rufe ni. Ni ce babba, ni nake fara amshi, sai na yi gum, na kuma harari ƙannena. Kaka ta maimaita baitin, ba wanda ya tanka.

Na ce, "Kaka, ki wuce wurin nan mana."

Ta dube ni, ta ce, "To, madam Asabe." Ta tona gyaɗa ta miƙa wa baƙuwa, ta ci gaba da tatsuniya: "Sai ta yi waƙarta, dutse ya buɗe."

Daga ranar haka take faɗa, ba ta ƙara rera waƙar ba. Ƙannena sun roƙe ta, ta ce, "A wurinmu mace ba ta waƙa ita kaɗai sai a makoki. Wa ya mutu?" Da a ce na je na ce zan amsa, na san da ta yi. Girman kai ya hana ni, har ta rasu.

Shekaru suka wuce. Hoton shugaban ƙasa da ke rataye a ajinmu a da shi ne dai a ofishin da nake aiki, amma kowace ƙabila ta farka, ana kafa ƙungiyoyi, ana bukukuwan al'ada. Mutanen ƙauyen Kaka suna neman a bar musu gonakinsu na gindin dutse da dagaci nasu, suka ce za su dawo da bikin shuka don a san tun can suna nan. Wani dattijo ya nemo ni har gida.

Ya ce, "'Yata, amshin kowa ya iya. Bakin waƙar kuwa, baitocin da ake amsawa, na matan gidan kakarki ne, ita ce ta ƙarshe. An ce ta yi muku."

Na bi shi kan babur har ƙauyen, ina fatan wani abu na waƙar zai faɗo mini a hanya. Tsofaffin mata bakwai suka zauna a inuwar rumbu, na ba su tatsuniyar da Hausa, ba abin da na manta. Da labarin ya kai bakin kogo suka gyara zama, suka ɗaga hannuwa za su tafa, duk suna kallon bakina. Ban taɓa jin nadama irin ta wannan rana ba.

Na sunkuyar da kai na ce, "Sai ta yi waƙarta."