Hoton da ke katin Yaya Sani

Da zane na ɗaure Yaya Sani a bayana bisa moto, wato babur, daga Gangara har Gazawa. Malamin lakol ne, makarantar boko, ya daɗe kwance. An ce duk ma'aikacin da bai zo buro, ofishin gwamnati, aka gan shi ido da ido ba, za a tsai da albashinsa. Da shi kuwa muke sayen magani.

Mai tantancewar ya dubi hoton katinsa, ya dubi Yaya.

"Wannan ba shi ba ne."

Yaya ya dafa tebur.

"Mushe, ranka ya daɗe, ni ne. Abin da ciwo ya rage ke nan."

Mutumin ya sa hannu, bai ƙara ɗaga kai ba.

Ku gaya mini, wanda ko moton ba ya iya hawa fa?